Toka Na Jibge a Anu-Araren, Mu Muna Kukan Siminti a Arewa

Jama'ar Arewa! Ku mutanen Dogondutsi da Matankari da Kiyeshe, ku na Dankasari da Dogonkiriya da Sukukutan, ku na Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mai Ruwa, ku tattaro hankalinku wuri ɗaya. Maganar gini ce ke tafe da ni, kuma ba ta bar kowa ba: da alhajin da ke aza bene a bakin kwalta, da talakan da ke buga bulo ɗari bana, ɗari baɗi, har Allah Ya nufa ya rufa wa iyalinsa asiri da ɗaki biyu.

A cikin ƙasarmu Nijar, can arewacin Agadas, akwai tulin tokar gawayin ƙasa da ta fi shekara 40 tana taruwa a Anu-Araren, kusa da Cirozerin. Wannan tokar, in an gwada ta aka gyara ta, tana iya maye gurbin wani kaso na simintin da muke saye da tsada, ta kuma rage hayaƙin da yin siminti ke turnuƙe duniya da shi. Kirana shi ne mu tashi mu nemi a sa tokar nan aiki, kuma a fara da azuzuwan ƴaƴanmu da ɗakunan shan magani na Arewa.

Ba sai an gaya wa kowa ba, Arewa ta koma ginin siminti. Duk wanda ya bi kwalta daga Kore Mai Ruwa zuwa Dutsi, wato Dogondutsi, yana ganin bulo jere a bakin hanya yana shan rana. Ɗan ci-rani in ya dawo daga Kwatano ko Legas ko Abijan, kafin ya ɗinka riga ya tambayi kuɗin buhu. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya kwana tsaye a daminar 2024, yana haska bango da tocila, yana jiran ya ga ta inda zai tsage, ba ya bukatar wa'azi a kan amfanin siminti. A wannan daminar kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, fiye da mutum miliyan ɗaya ruwa ya taɓa, gidajen ƙasa dubbai suka kwanta. Har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a watan Satumba. Bayan haka ne, a watan Oktoba, hukumomin ƙasa suka karya farashin siminti mai lamba 32.5 da wajen kashi 35 cikin 100, tan ɗaya ya koma jaka 55 ta kuɗin sefa a Yamai. An ji daɗin wannan, kuma an gode. Sai dai doka tana iya taɓa farashi, ba ta sauya abin da ke cikin buhu.

Ga kuma maganar makarantu, wadda ita ta fi ci mini rai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka ƙone. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. A lokacin gwamnati da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar nan da ke jiran a maye su da gini. Mu nan Arewa mun san rabonmu a cikin wannan lissafi, domin kowace shekara bayan girbi iyaye ne ke kai kara da itace su kafa rumfar da yaransu za su zauna. Dole a gina waɗannan azuzuwan. To, da wane irin siminti za a gina su, kuma a kan nawa?

Mu fara sanin abin da muke saye. Ana fasa dutsen farar ƙasa, irin wanda ke shimfiɗe a Malbaza, a niƙa shi tare da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a hura masa wuta har zafi ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa ƙananan ƙwallaye ne masu tauri da ake kira kilinka. Shi ake niƙawa, a ƙara masa ɗan wani farin dutse mai hana shi saurin daskarewa, ya zama garin da muka sani. Hayaƙi iri biyu ke tashi a wannan aiki. Akwai na makamashin da aka ƙona don hura tanderu. Akwai kuma na dutsen kansa, domin dutsen farar ƙasa ba ya zama siminti sai ya saki iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa, kuma wannan shi ne mafi yawa, wajen kashi 60 cikin 100. Ko da hasken rana za a hura tanderun, wannan kason yana nan. Kowane tan na kilinka yana sakin fiye da kilo 800 na iskar kabon. Duniya kuwa tana yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, shi ya sa wannan sana'a ita kaɗai take da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na duk iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Buhun nan mai kilo 50 da yaro ke saukewa daga amalanke, kafin ya iso hannunka ya riga ya bar wajen kilo 30 a sararin sama.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, mu ina ruwanmu? Waɗanda suka ɓata sama suna can Sin da Amurka da Turai.” Gaskiyarka, ɗan uwa. Hayaƙin fetur da gawayi da siminti na Nijar gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na hayaƙin duniya ba, kuma mu ne a gaba wajen shan zafin bazara da ruwan da ke zuwa babu lissafi. Wannan rashin adalci ne, kuma a ci gaba da faɗinsa a duk taron da aka je. Amma ka lura da abu ɗaya. Kilinkan nan da ya fi fitar da hayaƙi, shi ne kuma ya fi cin kuɗi a cikin buhu, saboda shi ke cin wuta. Duk abin da ya rage kilinka ya rage hayaƙi, ya kuma rage kuɗin da aka kashe wajen yin buhun. Ko ba don sama ba, ai ka yi don aljihunka. In kuwa Allah Ya haɗa maka biyun a aiki ɗaya, wane dalili ne zai sa ka ƙi?

Yanzu mu je Anu-Araren. An kafa kamfanin gawayi na SONICHAR a 1975, tasharsa ta fara ba da wuta a 1981, da injuna biyu masu ƙarfin megawat 18.8 kowanne. Ita ke haska Agadas da Cirozerin da Arlit, ita ta riƙe ma'adinan yuraniyom shekara da shekaru. Gawayin wurin mai yawan toka ne ƙwarai, har abin da ke saura bayan an ƙona shi ya haura tan 100,000 a shekara. Ku ninka wannan da shekarun da tashar ta yi tana aiki, ku ga irin dutsen da muka tara da hannunmu. Tokar gawayi kala biyu ce. Akwai mai laushi wadda ke bin hayaƙi, a tare ta kafin ta fita ta bututu. Akwai kuma mai gurguzu wadda ke zubowa gindin tukunya, mai ƙofofi-ƙofofi, mara nauyi, kamar kashin maƙera. Ta farkon ita aka fi sani a duniyar gini. Ta biyun, wadda ita ce ke jibge da yawa a wurinmu, sai an niƙa ta tukuna ta yi aikin siminti, ko kuma a yi amfani da ita yadda take a madadin yashi da tsakuwa.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. In siminti ya sha ruwa, yana haifar da wani danƙo wanda shi ke riƙe yashi da tsakuwa. Amma yana barin ragowar farar ƙasa a cikin ginin, wadda ba ta ƙara masa wani ƙarfin kirki, ruwa kuma yana iya wanko ta. Kun san farin bushi-bushin nan da ke fitowa a jikin sabuwar katanga bayan an yi ruwa? Yawanci ita ce. To, tokar gawayi tana ɗauke da sinadarin da ke kama wannan ragowar a hankali, ya mai da ita sabon danƙo, ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi. Kankaren da aka yi da ita ba ya saurin yin ƙarfi a makon farko, amma in ya yi wata biyu, uku, yana kamo na zallan siminti, sau da yawa ma ya wuce shi. Ba ya ɗaukar zafi sosai lokacin da yake daskarewa, saboda haka tsagewarsa ta fi ƙaranci. Ya fi jure gishiri da kanwar ƙasa masu cin gindin katanga, abin da mazauna kwarin Dallol Mawri suka sani sarai. A ƙasashen da suka saba da ita, toka mai kyau tana maye kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na siminti. Ma'ana, a aikin da zai ci buhu 100, ana iya samun sauƙin wajen buhu 15 zuwa 30 na siminti.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce da ba ta dace da mu ba. Maginan Hausa sun riga kowa a nan yankin sanin cewa sharar wata sana'a tana iya zama simintin wata. Ku tambayi tsofaffin magina labarin laso. Ana kwashe katsi daga gindin rijiyar marina, wato laka da tokar da suka kwanta bayan an gama rini, a shanya shi, a ƙona, a daka. Sai a haɗa shi da gashin jima daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara. Da wannan ake shafe rufin soro da bango ruwa ya kasa shiga, da shi ake shafe rijiyoyin marinar kansu, irin na Ƙofar Mata a Kano. Marini ya zubar, majemi ya zubar, magini ya tsince ya yi abin da ke kare gida daga damina. Abin da nake kira a yi da tokar Anu-Araren ɗan uwan wannan ne, sai dai yau muna da ɗakin gwaji da injin niƙa.

Ba kuma a kanmu za a fara ba. A Amurka, madatsar ruwa ta Hungry Horse da ke jihar Montana, wadda aka gama a 1953, an zuba ta da kankare mai tokar gawayi, kuma tana tsaye har gobe. Indiya ta yi abin da ya fi kusa da halinmu. A 1999 gwamnatinta ta fitar da doka cewa duk mai yin bulo a cikin kilomita 50 daga tashar gawayi dole ya sa toka aƙalla kashi 25 cikin 100, tashoshin kuma su ba da tokar kyauta na tsawon shekaru. An yi ta gunaguni da farko. Yau mafi yawan tokar da Indiya ke fitarwa tana ƙarewa ne a cikin siminti da bulo da hanyoyi, dubban mutane kuma suna cin abinci a wannan sana'a.

Tokarmu ma an riga an taɓa ta. Masu bincike na makarantar injiniyoyi ta 2iE da ke Wagadugu sun ɗebo tokar SONICHAR, suka haɗa ta da jar ƙasa da ɗan siminti, suka matse da inji, suka samu bulo mara nauyi mai ƙarfin da za a yi gini da shi, kuma sun wallafa sakamakon a 2013. Wasu a makarantar suka niƙa ta suka maye wani kaso na siminti da ita, suka auna ƙarfi da juriyar abin da ya fito. Wato ilimin yana nan a rubuce fiye da shekara 10. Abin da ya rage a fito da shi daga cikin takarda a kai shi wurin gini, wannan kuwa ba ya faruwa sai jama'a sun buɗe baki.

Akwai wahalhalu, kuma ba zan ɓoye muku su ba, domin wanda ya ɓoye su shi zai kashe maganar. Ta farko nisa. Daga Cirozerin zuwa Dutsi ya haura kilomita 700, hanyar Agadas zuwa Tawa kuma kowane direba ya san halin da take ciki. Wanda ya ce a riƙa jigilar ɗanyar toka har Matankari don a buga bulo, kuɗin gazuwal zai cinye ribar. Hanyar da ta fi hankali ita ce a kai tokar masana'antar siminti, a niƙa ta tare da kilinka a can, ta iso mana a cikin buhu. Malbaza tana kan hanya, wajen kilomita 600 daga Cirozerin, mu kuma tsakaninmu da ita bai kai 200 ba. Hayaƙin da mota za ta fitar wajen kawo tan ɗaya na toka wannan nisan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na hayaƙin tan ɗaya na kilinka ba. Motocin da ke kai kaya arewa kuwa, ba duka ke samun lodin dawowa ba. Wannan lissafi ne da ƴan kasuwarmu da masu motoci suka fi kowa iyawa, su zauna su buga shi.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce lafiya. Tokar gawayi tana iya ɗaukar gubar ƙarafa irin su darma da arsenik, wani lokaci da ɗan tururin nukiliya na halitta, tokar Anu-Araren da ta fito daga yankin da ake haƙar yuraniyom kuwa ta fi cancanta a bincike ta ta wannan fuska. Kafin hannu ɗaya nata ya shiga bangon ajin da yaro zai zauna, dole a auna ta, a sake aunawa, a faɗa wa jama'a abin da aka gani ba tare da rufa-rufa ba. In wani sashe na tulin bai dace da ɗakin kwana ba, ya tafi gindin hanya ko gada. In bai dace da komai ba, a faɗa, a binne shi yadda ya kamata. Amma barinta a jibge ma ba tsira ba ce. A watan Disamba na 2008, a Kingston ta jihar Tenesi a Amurka, katangar wani tafkin toka ta fashe, toka mai yawan kubik mita fiye da miliyan 4 ta malale gidaje da koguna. Tokar da aka ɗaure a cikin kankare ta fi wadda aka bar wa iska da ruwa zama lafiya.

Ta uku tana nan cikin gidanmu, kuma a nan zan yi magana da babbar murya. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya kwaso tokar murhu ko ta gidan burodi ya zuba a kwaɓin siminti, ya ce ai an ce toka na ƙara ƙarfi. Wallahi wanda ya yi haka rami ya haƙa wa iyalinsa. Tokar itace dabam, tokar gawayin tashar wuta dabam, ita ma ɗin sai an gwada ta an san yawan gawayin da bai ƙone ba a cikinta. Ƙari a kan haka, simintin da muke saye an riga an gauraya shi tun daga masana'anta. Ku juya buhu ku duba rubutun da ke jikinsa. In kun ga CEM I, kusan zallan kilinka ne. In kun ga CEM II da harafin A, an maye kashi 6 zuwa 20 cikin 100 da wani abu. In harafin B ne, kashi 21 zuwa 35. Harafin da ke bin A ko B ɗin shi ke faɗin abin da aka sa: L garin dutsen farar ƙasa ne, V kuwa tokar gawayi ce. Wanda ya ƙara wani gari a kan buhun da aka riga aka auna, ya ɓata ma'auni.

Ku je wurin masu buga bulo da sassafe ku tsaya ku kalla. Ana juye amalanken yashi, a yaga buhu, a juya da shebur, a yayyafa ruwa, a cika ƙarfen bugu, a daddale, a kife a ƙasa. Buhun da ya kamata ya tsaya wajen bulo 30, sai a ja shi har 50, domin mai gini ya ce iyakar kuɗinsa ke nan. Sa'an nan a bar bulon a tsakar rana, a ba shi ruwa kwana ɗaya ko biyu, tunda ruwan ma a wurin ƴan ga-ruwa ake saye. Ka sa yatsa ka murza gefensa, yashi na zuba. Irin wannan bulon ne ke faɗa wa mutane a watan Agusta, a ce ruwa ya yi ɓarna. Araha ba ta ado. Siminti yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da tsohon buhu ko zana kada rana ta shanye shi, kuma ba a auna cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Mai toka ya fi wannan son haƙuri. Malamai magina, ku ne za ku raya wannan magana ko ku kashe ta. In kuka yi wa simintin toka irin riƙon da ake yi wa bulo yanzu, zai ba da kunya, mutane su ce tokar ce ba ta da kyau, alhali ruwa aka hana ta.

Iyayenmu sarakuna, mai martaba Sarkin Arewa da gidan Samna a Tibiri da sauran masu riƙe da ƙasa, Allah Ya ja zamaninku. Ku ne ake saurara in manyan baƙi sun zo daga Dosso ko Yamai. Muna roƙo ku sa wannan a cikin abin da kuke miƙawa: a haɗa SONICHAR da masu masana'antun siminti na jihar Tawa da ma'aikatun da abin ya shafa a tebur ɗaya, a tsai da yadda tokar za ta tashi daga inda take ta shiga buhu, kuma sauƙin da aka samu ya sauko har kan mai saye, kada ya tsaya a aljihun ƴan tsakiya.

Ku kuma shugabannin ƙananan hukumomi, ga abin da ke hannunku. Gundumar Dogondutsi tana da ƙananan hukumomi 6, ta Tibiri tana da 4. Kowace ta ware aji ɗaya tak daga cikin waɗanda za ta gina, ta ce wannan na gwaji ne. Aji 10 ke nan. A gina su da simintin toka, ko da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, a ƙarƙashin idon injiniya. A kai samfuri ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, LNTPB, a Yamai, a murƙushe a ga nauyin da zai ɗauka. A rubuta kuɗin da kowane aji ya ci, a auna zafin cikinsa a watan Afrilu, a duba bangonsa bayan damina biyu, sa'an nan a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyonmu, kowa ya ji da kunnensa. In ya yi kyau, a rubuta shi cikin sharuɗɗan kwangila. In bai yi ba, mun san inda za a gyara, kuma ba mu yi asarar da ta wuce aji 10 ba. Ɗan kwangila ba ya sauya hali don wa'azi, amma yana karanta takardar sharaɗi harafi bayan harafi.

Na ambaci jar ƙasa da gangan, domin Allah Ya hore mana ita. Duk tuddan da suka kewaye Dutsi ita ce. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, aka gama shi a 2018, masana gini na duniya suka yaba. Kafin su, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Bulon ƙasa matsattse ɗan siminti kaɗan yake ci, ɗakinsa kuma ya fi sanyi. Akwai kuma yumɓun da ake gasawa a zafin da bai kai na kilinka ba, a haɗa shi da garin dutsen farar ƙasa, ya rage hayaƙin siminti har kusan kashi 40 cikin 100, an kuma fara yin irinsa a Afirka ta Yamma. Ɓuntun shinkafar Gaya ma, in an ƙona shi a kan ƙa'ida, tokarsa tana irin wannan aiki. Duka hanya ɗaya suka nufa, wato a rage kilinka ba tare da an rage ƙarfin gini ba.

Ƴan bokon Arewa, kuna ina? Wannan ƙasa ba ta rasa injiniyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata ba, kusan babu ma'aikatar da za ka shiga a Yamai ka rasa ɗan Arewa. Ɗalibanmu na makarantar injiniyoyi ta EMIG da Jami'ar Abdu Mumuni da Jami'ar Dosso kowace shekara suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga shi nan a ƙofar gida: tokar Anu-Araren da yashin dallol da jar ƙasar Dutsi, wane haɗi ne ya fi ƙarfi, wanne ya fi araha? Ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwanmu da ke tara kuɗi don gina masallaci ko aji, ku ware wani abu don gwaji, ku ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu. Ku fassara wa magina abin da ke cikin takardun nan da harshen da suke ji.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba kira nake a ƙara ƙona gawayi don a samu toka ba. Ƙasar da rana ke dukanta wata 12 ta fi cancanta ta nemi wutarta daga sama, kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta nuna ana iyawa. Magana ce ta tokar da ta riga ta taru, da wadda ke taruwa kullum ko mun so ko mun ƙi. Akwai kuma shirin Salkadamna a jihar Tawa, na haƙar gawayi da gina babbar tashar wuta, wanda aka daɗe ana maganarsa. In har za a yi shi, to tun ran gini tun ran zane. A rubuta tun farko inda tokar za ta je, a sa na'urar tare mai laushin kada ta bi iska, a keɓe ta da tsabta yadda masana'antar siminti za ta iya karɓa. Salkadamna ta fi Cirozerin kusa da Malbaza, ta fi ta kusa da mu, kuma in an yi sakaci, ƙurarta ma za ta fi kusa da mu. Muna da haƙƙin tambaya tun kafin aikin ya kankama.

Ku iyaye mata da ke zuba adashi don a yi wa ɗaki daɓe, ku iyayen yara da ke cikin kwamitin makaranta, ku limamai masu karɓar gudummawar ginin masallaci, ku matasa masu ɗaukar buhu da masu tura amalanke, kowa yana da bakin magana a nan. In za ku sayi siminti, ku juya buhu ku karanta, ko ku sa yaro ya karanta muku. In ana buga muku bulo, ku tsaya ku ƙirga, ku biya kuɗin ruwan kwana 7 kada ku yi ƙyashi. In an kira taron unguwa ko na ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikinku ya miƙe ya tambaya: ajin gwajinmu yaushe za a fara shi, kuma wa aka aika ya yi maganar tokar Anu-Araren? In ba a ba ku amsa ba, ku sake tambaya a taro na gaba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma kai shi ga maginin unguwarsu. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya tsare mana gidajenmu da ƴaƴanmu.